Kujerun da Na Gyara a Burusel

Ba zan tsaya kan labarin tashi ba. Duk wanda ya taɓa barin Maradi ya san yadda ake yi, a taru a tasha a yi ta addu'a, mota ta ɗaga, mutum ya yi ta waiwaye har gari ya ɓace. Nawa labarin ya fara ne a cikin wani gida a Burusel, babban birnin Beljik, lokacin da Bashiru ya buɗe wata ƴar ƙofa a ƙarƙashin matakala ya kunna fitila ya ce, "Baba Shaibu, sauka. Gidanka ne."

Sunana Shaibu, mutumin Tsibiri, kafinta. Lakwal, wato makarantar boko, ta firamare kawai na yi, daga nan aka kai ni Sabon Gari koyon aikin katako da ɗinkin kujeru. Tun ina saurayi nake yi wa gidan wani Alhaji aiki a unguwar Zariya, cikin Maradi. Ƙofofin gidan ni na yi su, gadajen auren ɗiyansa mata ni na yi su, kujerun falonsa ma aikina ne. Bashiru ɗansa ne. Na sha ɗora shi a wuya yana ƙarami. Da ya girma ya tafi Turai, yana sayen motoci na hannu yana turo su ta Kwatano. Shi ya roƙi mahaifinsa a turo masa ni, wai yana da aikin da ba zai iya biyan kafintocin can ba. Alhaji ya kira ni ya ce, "Ka tahi ka gyara wa yaron nan wuri." Ba a yi maganar komai ba bayan wannan, ni ma ban tambaya ba. Mutum ba ya yin ciniki da gidan da ya rene shi.

Na sauka matakalar ina bin bango da hannu. Bangon jiƙe yake, sanyi kamar gefen randa. A ƙasa na tarar da wani dogon ɗaki ba taga, sai wata ƴar kafa can sama daidai da hanya, inda ake ganin takalman masu wucewa. Tarkace ne cike, karyayyun kekuna, kwalabe, kwalaye da suka ruɓe. A wani lungu an shimfiɗa katifa.

"Nan ake ce ma kab," in ji Bashiru. "Nan za ka yi aikin, nan kuma za ka ɗan zauna kahin a gama. Akwai ɗaki can sama ƙarƙashin rufi, in an gama sai ka koma can."

Na ce, "To, Alhaji ƙarami. Wane irin aiki ne?"

"Sinima."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya fito da wayarsa ya nuna mini hotuna, jajayen labule, fitilu masu dishi-dishi, kujeru jere. Ya ce yana son ɗakin kallo irin na zamanin da, wanda abokan cinikinsa Turawa za su shigo su riƙe baki. Amma ba ya son a kashe kuɗi. Duk abin da za a iya tsinta a tsinto, wanda za a iya samu na hannu a samo.

Ranar ban iya cin abinci ba. Abu biyu suka tsaya mini. Na farko, ban san gabas ba a cikin ramin nan, kuma na yi ta tunanin ko salla ta inganta alhali mutane suna tafiya da takalma a saman kaina. Na biyu, tun a ranar na gane cewa ɗakin da nake kwana shi ne ɗakin da aka ce in mayar sinima. Duk ƙusar da na buga, wurin kwanana nake ragewa. Na riƙe maganar ɗakin sama kamar yadda ake riƙe igiyar guga.

Daga baya na samu magana ta waya da Rabi, maiɗakina, tana Jiratawa wurin iyayenta, can na bar ta kafin in dawo. Ta ce, "Malam, ɗakin naka da kyau? An ce gidajensu har sama ake hawa."

Na ce, "Nawa ƙasa ake sauka. Kab ake ce mishi."

Ta ce, "Kab mi? Kabari?"

"Kab dai. Ɗaki ne cikin ƙasa."

"To ai wanda ke kwana cikin ƙasa mun san sunanshi. Kada ka bari Inna ta ji wanga zance, in ba so kake ta zauna karɓar gaisuwa ba."

Ta yi dariya, ni ma na yi don kada ta damu. Amma kalmar ta zauna mini. Duk safiya in na buɗe ido cikin duhun nan, sai na taɓa fuskata kafin in yi salati.

Aikin farko kwashe tarkace ne da kankare baƙin da ruwa ya yi wa bango. Na kankare har hannuwana suka tsage, na shafe da farar ƙasa, na jira ya sha iska, abin da ba ya faruwa da sauri a ƙasar da rana ke leƙowa kamar mai jin kunya. Katako kuwa a filin motocin Bashiru nake samowa, irin wanda ake ɗora kaya a kai a jefar. In kwance shi, in cire ƙusoshin, in miƙe su ɗaya bayan ɗaya don a sake amfani da su. Da shi na yi dandamali hawa-hawa, yadda na baya zai hango ta saman kan na gaba. Tsofaffin darduman mota na manna a bango don kada ƙara ta hau sama. Rufin na shafa masa baƙin fenti. Ban taɓa shafa wa ɗakin mai rai baƙin fenti ba sai a nan.

A filin motocin na san Illa, ɗan wajen Madarunfa, mai loda kaya cikin motocin da za a tura. Ya daɗe a can, bakinsa ba ya da linzami. Ya dube ni ina ɗaure katako ya ce, "Tsoho, gudun mi kake? An ce maka akwai kyauta ga wanda ya gama da wuri?"

Na ce, "Aikin mutane ne."

"Ina kake kwana?"

"Cikin wurin aikin."

"To ja aikin. Ƙusa guda da sahe, ƙusa guda da marece. Hunturu na tahe, kai kana rushe ɗakinka da hannunka."

Na ce an yi mini alkawarin ɗakin sama. Ya yi wata dariya da ban so ba, ya ce, "Allah shi kai mu."

Na yi tunanin maganarsa, ba zan ɓoye ba. Har na gwada kwana ɗaya, na yi ta jujjuya katako ba na yin komai. Da aka kawo mini abinci sai na kasa haɗiya, ina ganin abincin da ban yi wa aiki ba ne. Washegari na rama aikin kwana biyu. Haka Allah ya yi ni, ba na jin daɗin halin, amma ban san yadda ake cire shi ba.

Kaya suka fara shigowa daga kasuwar tsofaffin kaya. Jan labule mai nauyi da asu ya ɗan taɓa. Wata babbar na'urar haska fim da ba ta aiki, aka ce in yi mata teburi a tsakiya don a gani, ta gasken kuwa ƴar ƙarama ce, aka ce in ɓoye ta a rufi. Injin gugguru shi ma matacce. Sannan Bashiru ya ce in gina ɗan akurkin sayar da tikiti a bakin matakala, da ƴar tagarsa.

Na ce, "Wa zai sayar da tikitin?"

"Ba kowa. Don ado ne kawai."

Daidai lungun da katifata take ya nuna. Na ja katifar zuwa tsakiya. Da dandamali ya ci tsakiya na ja ta gaba. Da aka kafa farin allon kallo, sai ya zamana tsakaninsa da bango akwai ɗan tsukin da mutum zai iya kwanciya in bai juya ba. Can na koma da jakata da buhun zogalen da Rabi ta busar mini.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Baturiya ce, Madam Odil, ita kaɗai a gidanta sai kyanwa. Ta kafar nan ta sama na fara sanin takalmanta. Wata rana ta gan ni ina wanke buroshi a waje, hannuwana na jini, ta koma ciki ta fito da safar hannu ta mijinta da ya rasu ta ba ni. Bayan nan takan miƙo mini miya a kwano. Na karɓa, amma na yi kwanaki ina zubarwa a ɓoye don tsoron naman alade, zuciyata kuma na cina don na zubar da abincin mutane. Ƙarshe na tattaro Faransancin lakwal na tambaye ta. Ta kama hannuna ta kai ni har madafarta ta nuna mini albasa da dankali da karas, ta ce ita ma likita ya hana ta nama. Daga ranar nake shanyewa har in suɗe kwanon.

Sai kujeru suka zo. Bashiru da kansa ya rako motar, yana ta ce wa masu saukewa su yi a hankali. Daga wata tsohuwar sinima da aka rufe aka ciro su, jeri-jeri, masu naɗewa. Da na gan su gabana ya faɗi. Jan ƙyallen ya koɗe, wurin zama ya lotsa, wurin ɗora hannu ya yi baƙi da dauɗar hannuwan mutanen da ƙila duk sun mutu. Ga ƙunar taba, ga sunaye da aka kankara da wuƙa. Ƙarfen lambobin ya yi tsatsa kore. A Maradi ko mai shayi ba zai ajiye su gaban teburinsa ba.

Bashiru yana shafa su yana murmushi. Na ɗauka murmushin wanda ya samu abu da araha ne. Ya ce zai tafi Kwatano tarbar kaya, zai ɗan jima. A bakin ƙofa, da jaka a hannu, ya ce, "Baba Shaibu, ka gyara kujerun nan ka kafa su kahin in dawo."

Ka gyara. Abin da ya ce ke nan, ba ƙari. Ni kuwa tun ina yaro a Sabon Gari na san abin da ake nufi in an kawo wa kafinta tsohuwar kujera an ce ya gyara. Ana nufin ya cire wa mai ita kunya. In baƙo ya zauna kada ya san ta taɓa tsufa. Na ce a raina yaron nan ba ya da kuɗin sababbi, ya sayo tsumma, ya dogara gare ni in rufa masa asiri gaban Turawa. Na kuma ce, in na yi aikin da zai burge shi, ba zai ji nauyin ba ni ɗakin sama ba.

Na farke jan ƙyallen duka, na ciro ruɓaɓɓen soson, na zuba a buhunan shara na fitar bakin hanya. Madam Odil ta fito ta buɗe buhu ɗaya, ta ɗago wani yanki ta kai hancinta. Ta ce mini a wannan sinimar mijinta ya fara kama hannunta. Sannan ta girgiza kai ta ce, "Domaj." Ni abin da na tuna daga lakwal, kalmar tana nufin ɓarna. Na ɗauka tana cewa ƙyallen ya lalace. Na ce, "Wi, Madam, domaj da yawa." Ta dube ni wani iri. Daga baya Illa ya gaya mini cewa in sun faɗi haka, kaico suke cewa.

Illa ne ya samo mini ledar kujeru mai sheƙi, ragowar wadda ake yi wa motoci, ja wur kamar tumatir. Soso na ciro daga kujerun wata motar da aka farfasa. Katakon na goge shi da takarda mai ƙaiƙayi har baƙin ya fita, sunayen suka ɓace, na shafa mai har sai da na ga fuskata a ciki. Lambobin na dirje su da toka da lemun tsami suka koma kamar zinariya. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, ko a gidan Alhaji. Da na kafa su, sai na bi kowace da farar leda na rufe, kamar yadda ake barin ta a kan sababbin kujeru a falon manya, don duk wanda ya shigo ya san ba a taɓa zama a kai ba.

Ranar da Bashiru ya dawo na sa rigata mai kyau. Ya sauko yana waya, ya kunna fitila, sai maganar ta tsaya masa a baki. Ya kashe wayar. Ya ɗaga ledar kujera ɗaya da yatsa biyu.

"Mine ne wannan?"

"Gyaran da ka ce, Alhaji ƙarami."

"Ina kujeruna?"

"Ga su nan. Su ne."

"Shaibu." Tun da aka haife shi bai taɓa kiran sunana haka tsirara ba. "Cewa na yi ka ɗaure kusoshin da sunka kwance, ka sa mai inda ke ƙara. Wa ya ce ka taɓa ƙyallen?"

Na ce, "Ƙyallen ya mutu. Akwai ƙunar taba, akwai dauɗa. Baƙinka za su zauna."

"Ƙunar tabar na saya. Dauɗar na saya. Tsufan nan shi ne abin da na biya, ka gane? Yanzu ka mayar mini da wuri kamar ɗakin jiran mai cire haƙori."

Na ce, "Ka yi haƙuri. A gida in an ce gyara..."

"Nan ba gida ba ne."

Ban tuna masa cewa shi ya ce gidana ne ba. Ya hau sama ya bar ni da fitila a kunne. Na zauna a ƙasa kusa da kujerun, don ban ga dacewar in zauna a kansu ba. Abin da na yi ta juyawa shi ne ɗakin sama. Na san ya yi nisa.

Da safe ya sauko ya ce in mayar da su yadda suke, ko ta yaya, ya riga ya gaya wa mutane ranar buɗewa. Na ce ƙyallen motar shara ta kwashe. Ya ce wannan matsalata ce.

Na fita waje na tsaya a bakin hanya, ban san inda zan nufa ba. Madam Odil ta ƙwanƙwasa gilashin tagarta ta yafuto ni. A ɗakin ajiyarta na ga buhunan nan duka. Ashe da na juya baya ta ja su ɗaya-ɗaya ta shigar, ita da ba ta iya ɗaukar bokiti. Ta ce ba ta san abin da za ta yi da su ba, ta dai kasa barin motar shara ta tafi da su. Na durƙusa na yi mata godiya da Hausa, don Faransancin ya gudu. Ta dafa kafaɗata ta ce in tashi, ƙasa da sanyi.

Daga nan na shiga aikin da har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci. Na farke ledar da na ɗinka da hannuna. Na cire sabon soson na mayar da ruɓaɓɓen. Na bi jan ƙyallen yanki-yanki ina neman inda kowane ya fito, ina haɗa ƙunar taba da ƙunar taba. Katakon ne ya fi wuya, don tsufansa na riga na goge shi. Bashiru ya nuna mini a waya yadda Turawa suke yi. A kankare man, a samu sarƙa a yi ta dukan katakon, a soka masa ƙusa a cire don ya yi kamar gara ta ci, a shafa dafaffen shayi da garin gahawa da baƙin man takalmi. Lambobin a jiƙa su da ruwan gishiri da ruwan tsami su sake yin kore.

Na ɗauki sarƙa na tsaya gaban kujerar farko, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Maigidana na Sabon Gari, Allah ya jiƙansa, in ka yar da katako ƙasa sai ya sa ka ɗauka ka goge shi da rigarka. Ga ni da furfura ina dukan katako da sarƙa kamar ɓarawon akuya. Sunayen da na goge kuwa, Bashiru ya ce in kankara wasu. Na ce ban san sunayen mutanen nan ba, kuma ba zan rubuta sunan wanda bai zauna ba. Ya karɓi wuƙar ya kankara da kansa.

Illa da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ka gani, tsoho? Na ce ka ja aiki ka ƙi, ga shi Allah ya ja maka. Da ka gyara an zage ka, yanzu kana ɓatawa ana ba ka abinci." Gaskiya ya faɗa. Makonnin da na ƙara kwana a bayan allon nan, ɓarna ce ta saya mini su.

Ranar buɗewa da la'asar aka fara zuwa. Bashiru ya ce in kwashe katifata da jakata in kai ƙarƙashin matakala, kada warin zogale ya dami mutane. Turawa suka sauko da matansu, suna shafa hannun kujerun da na daka da sarƙa suna lumshe ido. Wani mai gemu ya sa yatsa cikin ramin ƙusata ya ce wa matarsa ta duba aikin shekaru. Bashiru ya ce haka ya same su, bai taɓa komai ba. Sannan ya hango ni a tsaye ya ce in shiga akurkin tikitin a ɗauki hoto. Na shiga. Aka ba ni wata ƴar hula ja na sa. Suna wucewa suna miƙo hannu ta tagar kamar masu biya, suna dariya, ni ma ina buɗe haƙora. Da aka kashe fitilu aka fara kallo na hau sama na zauna a matakalar waje. Madam Odil ba a gayyace ta ba.

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaya. Na ce, "Alhaji ƙarami, in hau da kayana sama?"

Ya sosa ƙeya. "Bon. Ɗakin nan akwai wani ɗalibi a ciki, haya yake, ba a iya fitar da mutum haka nan a ƙasar nan. Amma na yi maka wuri a fili. Illa zai nuna maka."

Tun ranar da na zo nake jin takun mutum can sama, nake ganin wani saurayi da jakar littattafai yana shiga da makullinsa. Na gani, na hana kaina ganewa.

Wurin da aka yi mini shi ne cikin motocin da ke jiran jirgin ruwa. Illa ya buɗe mini wata doguwar mota ya ce, "Ga otel ɗinka. In an zo ɗaukarta sai ka koma ta kusa." Ya ba ni bargonsa ɗaya, ban manta ba. Hunturu ya shigo sosai. Da safe numfashina yakan daskare a jikin gilashi, ruwan alwala sai na sa gorar cikin rigata ta kwana a jikina. Duk motar da na fara sabawa da ita, sai a zo a cika ta da firji da katifu a tafi da ita. Kowane ɗakin da na kwana a cikinsa sai ya riga ni zuwa Maradi. Rabi ta tambaye ni ko na fito daga kabarin. Na ce na fito, yanzu ɗakina duk tagogi ne. Ta ce alhamdu lillahi.

Tari ya kama ni, irin mai hana magana. Bizata ma ta ƙare, na koma ina jin tsoron duk wanda ya sa baƙar riga, kada ya zamo ɗan sanda. Bashiru ya zo fili wata rana ya ji tarin, ya tsaya nesa, ya ce gara in koma gida in huta. Bai taɓa yi mini wani abu da sauri kamar yadda ya samo tikitin nan ba. Na je yi wa Madam Odil sallama, na mayar mata da safar hannun, ta ƙi karɓa. Na bar mata ragowar zogalen na nuna mata yadda ake dafawa. Ban sani ba ko ta ci.

Na yi jinya a Tsibiri har ƙarfina ya dawo. Na roƙi Rabi ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, don na kasa kwana inda ba na ganin sama. Da na iya hawa mota na tafi unguwar Zariya gaida Alhaji. Na ji ana ginin sabon gidansa, na kuma san falo zai so kujeru.

Na same shi a falo, a kan kujerar da na yi masa tun Bashiru na lakwal, har yau da ledarta. Na zauna a ƙasa muka gaisa. Ya tambayi jiki, ya tambayi hanya. Sannan ya laluba aljihu ya fito da waya, ya kira hotuna ya miƙo mini.

"Shaibu, duba nan. Yaron nan ya turo mini wai in ga ɗakinshi. Waɗanga kujeru, kana nan anka kafa su?"

Na ce, "Ina nan, Alhaji."

"Kana nan. Da idonka." Ya karɓi wayar ya buɗe hoton da yatsu har ƙunar tabar ta cika gilashin. "Na ɗauke ka na tura ka ƙasar mutane don ka gyara wa ɗana wuri, ka bar shi yana zaunar da Turawa kan tsumma. Ko ƙyalle ba ka iya canza mishi ba? Dubi katakon, kamar an tono daga juji."

Na buɗe baki. Abin da zan faɗa duk ƙarar ɗa ce wurin ubansa, a falon uban, daga bakin wanda ya ci abincin gidan tun yana saurayi. Na ce, "Can haka sunka hi so, Alhaji."

"Kada ka gaya mini haka. Ba ɗan da na haifa da zai so tsumma. Ya dai rufa maka asiri ne, ko da na tambaye shi cewa ya yi ka yi iyakar ƙoƙarinka." Ya mayar da wayar aljihu. "Girma ya zo maka, ba laihi ba ne. Aikin sabon gida na ba wani yaro daga Sabon Gari, hannunshi da kyau."

Ya gyara zama, ledar kujerar ta yi ƙara.

"Amma ka riƙa leƙowa muna gaisawa. Gidanka ne."

Na ce, "Na gode, Alhaji." Na tashi na fita neman takalmana.